Zafin cikin ramin taki: ƙwayoyin da ke hura shi da anzim ɗin da ke jure wuta



Duk wanda ke haɗa takin gargajiya ya san wannan abu: in an jera kara da kashin dabbobi an yayyafa ruwa an rufe, bayan kwana uku ko huɗu sai cikin tulin ya ɗauki zafi, har hannu ya kasa daɗewa a ciki, da sanyin safiya kuma a ga tururi na tashi. Babu wanda ya sa wuta, kuma ko a inuwa aka yi ramin haka zai yi. To wannan zafin aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma kayan aikin da suke amfani da shi yau ya zama abin da manyan jami'o'i da masana'antu ke nema ruwa a jallo. A wannan bayani za mu duba mene ne kayan aikin nan, me ya sa yake jure zafi, yadda masana ke ƙara masa ƙarfi, da abin da ya shafi gonakinmu da garkunanmu a ciki.

Mene ne anzim?

Masu karatun boko a nan ƙasar suna ce masa anzim, ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka kuma su ce enzayim. Wani sinadari ne da jikin kowane mai rai ke ƙerawa don ya hanzarta aikin da in an bar shi haka nan zai ɗauki watanni ko shekaru. Shi kansa ba ya ƙarewa a cikin aikin. Kamar almakashin tela yake, yana yanke ƙyalle ya koma ya yanke wani, amma kowane anzim da irin ƙyallen da yake iya yankewa. Akwai mai yanka sitaci, wato garin da ke cikin hatsi da rogo, ya mai da shi sukari. Akwai mai yanka furotin na nama da wake, akwai mai yanka mai, akwai kuma mai yanka zaren da ke cikin kara da ganye.

Sunan ne baƙo, amma aikin mun daɗe da shi a gidajenmu. In mutum ya daɗe yana tauna burodi sai ya ji zaƙi ya fito, anzim ɗin cikin yawu ne ya yi haka. Matan da ke naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda don ya yi laushi, da anzim suke aiki. Masu kunun zaƙi da ke zuba niƙaƙƙen ɗanyen dankali ko tsiron hatsi a cikin kunu su bar shi ya kwana, anzim ne ke tsinka shi ya ba shi zaƙi. Daddawa ma haka take, ta kalwa ko ta batso: wata ƙwayar bakteriya mai suna Bacillus subtilis ce ke fitar da anzim ɗin da ke narka furotin na cikin ƙwayar, daga nan ƙamshi da ɗanɗanon ke fitowa.

Mai kunun zaƙi ta san wani abu kuma. In ta zuba haɗin tun kunun yana tafasa, aikin ya ɓaci, dole sai ta bari ya ɗan huce. Wannan shi ne raunin yawancin anzim, zafi mai yawa yana kashe shi.

Daga ina zafin taki ke fitowa?

A cikin ɗan dunƙulen taki da bai wuce cikin cokali ba akwai ƙwayoyin bakteriya miliyoyi bisa miliyoyi. Suna cin abin da aka tara, suna shaƙar iska kamar yadda muke yi, jikinsu kuma yana fitar da ɗumi. In tulin yana da girma, ɗumin ba ya samun hanyar fita, sai ya taru a tsakiya, kamar ɗakin da mutane suka cika aka rufe ƙofa.

Aikin hawa-hawa ne. A kwanakin farko ƙwayoyin da ke son matsakaicin ɗumi ne ke cin abu mai laushi, ɗanyen ganye da ruwan kashin dabbobi. Su ne ke tura zafin har ya kai digiri 40 zuwa 45. Daga nan su kansu ba sa iya zama, sai masu son zafi su karɓi aikin. Waɗannan su ne ke kai tulin digiri 55, 60, wani lokaci har 70. Daga cikinsu akwai dangin Bacillus da Geobacillus, da wata mai suna Thermobifida fusca da ƴan uwanta, waɗanda ke fitowa kamar farin gari ko toka-toka a jikin kara in an buɗe tulin. A 1996 masu bincike a ƙasar Suwizalan sun samu dangin Thermus a cikin takin da zafinsa ke tsakanin digiri 60 da 80. In abinci ya ragu sai tulin ya huce, naman gwari da ƙwari da tsutsotsi su ƙarasa aikin, takin ya yi baƙi yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa.

Ƙwayar bakteriya ba ta da baki ba ta da haƙori. Ba ta iya haɗiye karan dawa. Abin da take yi shi ne ta fitar da anzim zuwa waje, ya yanyanka karan ya zama sukari, sannan ta tsotse. Ke nan anzim ɗin da ke aiki a tsakiyar taki dole ya iya tsayawa a digiri 60 zuwa 70 kwana da kwanaki. Shi ya sa masana ke zuwa bakin jibji da tulin taki da cokali da kwalba.

Me ya sa wani ke lalacewa wani ya jure?

Anzim furotin ne, furotin kuma kamar carbi yake, ƙwayoyi ne aka jera a zare. Ƙwayoyin iri 20 ne, ana ce musu amino asid, kuma anzim guda yakan ƙunshi ɗaruruwansu. Zaren ba a miƙe yake zama ba. Yana naɗe kansa kamar rawani, ta yadda wani ɗan lungu zai fito a jikinsa, a lungun ne abin da za a yanka ke shiga. In naɗin ya warware, lungun ya tafi, aiki ya tsaya, ko da zaren bai tsinke ba.

Abin da ke riƙe naɗin ƴan ƙananan ƙulle-ƙulle ne marasa ƙarfi. Zafi yana girgiza zaren. Da farko girgizar alheri ce, don duk ƙarin digiri 10 yakan kusa ninka saurin aikin. Amma in ta yi yawa sai ƙullin ya saki, zaruruwan su cakuɗe da juna su dunƙule. Haka farin ƙwai ke yi a cikin tukunya, ya tashi daga ruwa-ruwa ya daskare, kuma ba ya komawa yadda yake. Anzim ɗin jikin ɗan Adam an yi shi ne don digiri 37, da yawansu suna fara lalacewa in an haura 50.

Na ƙwayoyi masu son zafi da amino asid iri 20 ɗin nan dai aka yi shi. Bambancin yana wurin jeri da naɗi. Cikinsa a matse yake babu sarari, ƙulle-ƙullensa sun fi yawa, kuma bakin zaren da ke lilo a waje gajere ne. Ko a cikin tsirranmu akwai misali: ruwan tumfafiya da Fulanin Benin da Najeriya ke sa wa madara don yin wagashi, anzim ɗinsa yana aiki ne madara na bisa wuta.

Abin da aka tono daga cikin taki

Labarin da ya fi shahara ya shafi robar butalin ruwa da na lemo, wadda ake kira PET. In kun juya butalin za ku ga lamba 1 a cikin wata alama mai kusurwa uku a gindinsa. Da irin wannan roba ake saƙa yadin foliyesta ma. Ganyen itace yana da wani rufi mai sheƙi kamar kakin zuma da ke hana shi bushewa, kuma ƙwayoyin taki suna da anzim na musamman da ke fasa wannan rufin. Sai aka yi dace, irin ƙullin da ke haɗa sinadaran rufin ganye ya yi kama da wanda ke haɗa robar PET.

A 2005 masu bincike a garin Braunschweig na Jamus suka nuna cewa anzim ɗin Thermobifida fusca yana cin wannan roba a digiri 55, sai dai a hankali, aikin makonni. A 2012 kuma ƙungiyar Farfesa Shigenori Kanaya ta Jami'ar Osaka a Japan ta ɗebi takin ganye da rassa daga wani filin shaƙatawa, ta ciro ƙwayoyin gadon halittun da ke ciki a dunƙule ta bincika su, ba tare da ta raini ko ɗaya ba. A nan aka samu anzim ɗin da aka sa wa suna LCC, sunan da ke nufin anzim na takin ganye da rassa. A 2021 masu bincike na Jami'ar Leipzig a Jamus suka bayyana wani mai suna PHL7, wanda suka samo daga tulin takin ganye na wata maƙabarta a garin. Ya narkar da ƙaramin kwanon roba na zuba ƴaƴan itace cikin ƙasa da kwana guda a wajen digiri 70.

Me ya sa sai mai jure zafi ake so? Robar PET a sanyi ƙam take kamar gilashi, anzim ba ya samun wurin kamawa. Sai zafi ya kai wajen digiri 65 zuwa 70 zaruruwanta ke sakin jiki. A 2016 an samu wata ƙwaya a garin Sakai na Japan, a wurin tara butalai, wadda ke cin PET a digiri 30. Labarin ya zaga duniya, amma anzim ɗinta ba ya jure zafi, don haka aikinsa bai taka kara ya karya ba. Na cikin taki ne suka fi kusa da abin da ake bukata.

Dabarun ƙara wa anzim ƙarfi

Ko LCC ɗin ma, yadda aka same shi, yana gajiya kafin ya gama aiki. A digiri 72 yakan tsaya bayan ya ci wajen rabin robar. Ga manyan hanyoyin da masana ke bi don gyara irin wannan.

Ta farko, ɗaure naɗin da ƙulli mai ƙarfi. Akwai wani amino asid mai ɗauke da farar wuta. In biyu daga cikinsu suka zo kusa da juna sai su haɗe su zama gada, kamar an sa ƙusa a inda da igiya ce. A 2020 kamfanin Carbios na Faransa tare da masu bincike na garin Tulus suka yi wa LCC haka, zafin da yake warwarewa ya tashi daga wajen digiri 85 zuwa wajen 94. Suka kuma canza wasu ƙwayoyi biyu kusa da lungun yanka. Canji huɗu ke nan kacal a cikin ƙwayoyi wajen 260. Da giram 3 na sabon anzim a kowane kilo na roba, an narkar da kashi 90 cikin 100 a cikin awa 10, aka kuma sake yin sabon butali da abin da ya fito. A 2021 kamfanin ya buɗe masana'antar gwaji a Clermont-Ferrand.

Ta biyu, zaɓen iri. Manomin albasar Galmi ya san wannan tun kaka da kakanni: a duba wadda ta fi kyau da jure ajiya a cikin rudu, ita za a bari ta yi iri, baɗi a sake zaɓe. A ɗakin bincike ana yi wa ƙwayar gadon anzim ƴan canje-canje barkatai, a samu iri dubbai, a gasa su duka, a ɗauki wanda ya tsira, a sake maimaitawa. Frances Arnold ta Amurka ce ta buɗe wannan hanya a farkon shekarun 1990, ta kuma samu kyautar Nobel a 2018. Anzim ɗin da ta fara aiki da shi na Bacillus subtilis ne, ƙwayar nan dai ta cikin daddawa.

Ta uku, sa kwamfuta ta yi lissafi. Maimakon a gwada dubbai, na'ura ce ke duba siffar anzim ta nuna inda naɗin ya fi rauni. A 2022 masu bincike na Jami'ar Texas da ke Austin sun bi wannan hanya suka ƙarfafa dangin anzim ɗin Sakai har ya iya aiki a digiri 50.

Ta huɗu, ba shi abin jingina. Wasu anzim suna da gurbin da sinadarin kalsiyam ke zama ya riƙe naɗin, shi ne sinadarin da ke cikin dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Malbaza don yin siminti. Anzim mai narka sitaci na Bacillus licheniformis, wadda ita ma ana samunta a ƙasa da cikin taki, yana aiki a masana'antu har sama da digiri 100 in an sa masa ɗan kalsiyam. Gadar da aka yi wa LCC ma a gurbin irin wannan sinadari aka kafa ta, don kada a riƙa bukatar zuba shi.

Ta biyar, sa masa riga. In an sa yis ya ƙera anzim ɗin maimakon bakteriya, yakan manna masa ƴan rassan sukari a jiki, su kuma suna hana zaruruwan mannewa da juna in zafi ya taso. An gwada haka da LCC a Amurka a 2018, ya kuma ƙara masa juriya.

Ta shida, ɗaure shi a jikin wani abu. Ana manna anzim a jikin ƴan ƙananan duwatsu ko dunƙulen roba, ruwan da za a sarrafa ya riƙa wucewa ta kansu. Wanda aka ɗaure ba ya saurin warwarewa, kuma ana iya amfani da shi watanni.

Ta bakwai, busarwa. Ruwa ne ke ba zaren damar motsi. Anzim ɗin da aka busar tare da sukari, ko aka lulluɓe ƙwayoyinsa da mai ko gishiri, yana daɗewa fiye da na ruwa, kamar yadda kilishi ya fi ɗanyen nama jure ajiya.

Akwai iyaka fa. Anzim yana bukatar ɗan motsi kafin ya kama abin da zai yanka. In an ɗaure shi tamau zai jure wuta amma aikinsa ya yi nauyi, musamman a sanyi. Gwanintar ita ce a matse jikin a bar lungun yanka yana numfashi.

Inda muke haɗuwa da su ba mu sani ba

Wanda aka taɓa yi wa awon PCR, lokacin korona ko don tarin fuka, da anzim mai jure zafi aka yi masa aiki. Asalinsa wata ƙwaya ce mai suna Thermus aquaticus da Thomas Brock da ɗalibinsa Hudson Freeze suka bayyana a 1969, daga maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka. Awon yana bukatar a kai ruwan gwaji wajen digiri 95 a sauke, sau talatin ko fiye, kuma wannan anzim yana tsallake duka. Cibiyar CERMES ta Yamai da irin wannan awo ta yi aiki lokacin annobar.

Garin sabulun wanki da yawa yana ɗauke da anzim mai cin tabon jini da miya. Abincin kaji na kamfani kuma akan sa masa wani mai suna fitas, wanda ke kwance sinadarin fosfor da ke ɗaure a cikin dusa da masara don kaza ta amfana. Da tururi mai digiri 70 zuwa 90 ake dunƙula abincin, don haka sai anzim ɗin da aka ƙarfafa ko aka lulluɓe ke fita da rai.

Nan akwai abin lura gare mu. A watannin Afrilu da Mayu zafin Ƙonni yana haura digiri 40 a inuwa, cikin shagon kwano ko bayan mota kuwa ya fi haka nesa. Abincin kaji, kayan awo na asibiti da magungunan dabbobi duk suna da iyakar zafin da aka rubuta a jikin kwalinsu. Mai saye ya duba, mai sayarwa kuma ya nemi inuwa da wurin da iska ke ratsawa.

Maganar leda

Wanda ya ji cewa ƙwayoyin taki na cin roba zai iya cewa to a bar leda a cikin jibji ta ruɓe. Kada a yi haka. Baƙar leda da ledar fiya-wata da wata roba daban ake yin su, mai lamba 2 ko 4, wadda ba ta da irin ƙullin da waɗannan anzim ke yankewa. LCC da PHL7 ba sa taɓa ta. Ko butalin PET ma ba ya narkewa a cikin ramin taki. A masana'anta sai an wanke shi, an narka, an sanyaya da sauri, an niƙe ya zama gari, sannan a zuba shi a tukunya mai tsayayyen zafi da tataccen anzim. In wani ya zo kasuwa da gari ko ruwa ya ce yana narkar da leda a gona, ku riƙe kuɗinku.

Ledar da ta bi taki zuwa gona gutsurewa take yi ta zauna shekaru, tana tare saiwa da ruwa. Mahauta sun san irin dunƙulen da suke cirowa daga tumbin awaki da shanu. Ƙona ta kusa da gida kuma hayaƙinta na cutar da huhu. Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana shigo da irin waɗannan ledoji da sayar da su, amma kowa na ganin yadda suke rataye a jikin ƙaya a bakin kowane gari. Kafin a loda jibji a amalanke, a tsince leda, batir da fasassun kwalabe.

Yadda za a riƙe zafin rami

Amfanin da ya fi kusa da mu shi ne takin kansa. A yankin Illela da Badagishiri, tun ƙarshen shekarun 1980 da aka yaɗa tassa bayan manoma sun je sun gano ta a Yatenga ta Burkina Faso, kowa ya ga yadda tafin hannu ɗaya ko biyu na taki a rami ke tada faƙon da aka fid da rai da shi. Masu albasa a Galmi da masu noman rani a filayen ban-ruwa na Ƙonni su ma sun san tsadar buhun takin zamani. Takin da ya yi zafi sosai yana da fifiko biyu: yana nuna da wuri, kuma zafin yana kashe yawancin irin ciyawa, ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi. Ma'aunin da ake bi a ƙasashe da dama shi ne kowane sashe na tulin ya samu digiri 55 aƙalla kwana 3.

Girma. Tulin ya kai metir 1 a tsawo, faɗi da tsayi, ko ya fi. Ƙarami ba ya riƙe zafi.

Haɗi. A jera busasshe da ɗanye hawa-hawa: sararren kara, ƙaiƙayi da busasshen ganye, sannan kashin shanu, na awaki ko na kaji da ɗanyar ciyawa. Busasshe kaɗai ba ya ɗaukar zafi, kashi kaɗai kuma yana cushewa ya yi wari. Toka kaɗan ta isa, in ta yi yawa ƙarfin takin iska yake bi.

Ruwa. A damƙi takin a matse. In ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, daidai ne. In ya wargaje ya bushe, in ruwa na zuba ya yi yawa. Anzim ba ya aiki a busasshen wuri, shi ya sa jibjin da rana da iskar hunturu suka busar yake shekara bai ruɓe ba. A yi ramin a inuwa, a rufe da tsohuwar tabarma ko zana. Da damana a kula kada ruwa ya kwanta a ciki.

Iska. A juya bayan kowane mako biyu, na gefe ya koma tsakiya. Warin ruɓaɓɓen ƙwai alama ce ta rashin iska.

Awo. A soka sanda ko ƙarfe har tsakiya, a bar shi minti 10, a zaro a taɓa. In ya yi zafi da laima, aiki na tafiya. In ya yi sanyi a makon farko, ruwa ko kashi ne bai isa ba. In ya yi zafin da ba a iya riƙewa kuma cikin ya yi fari fat ya bushe, ya wuce kima, su kansu ƙwayoyin sun fara mutuwa, sai a juya a yayyafa ruwa. In an kiyaye, wata 2 zuwa 3 taki ya nuna.

Mai juya taki ya rufe hanci da baki da rawani ko ƙyalle, ya kuma yayyafa ruwa kafin ya fara. Ƙurar farin garin nan tana iya jawo tari da sarƙewar numfashi, don haka mai asma ko ciwon huhu ya bar wa wani aikin. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Dukiyar da ke cikin jibji

LCC daga takin filin shaƙatawa ya fito, PHL7 kuma daga takin maƙabarta. Babu ɗayansu da aka je neman sa a ƙasan teku. Takin karan hatsi, ɓawon albasa da kashin raƙumi da ke dahuwa a zafin Adar yana da nasa ƙwayoyin, kuma mafi yawan ƙwayoyin da ke cikin ƙasa a duniya har yau ba a raine su an yi nazarinsu ba. Wannan fili ne ga ƴaƴanmu da ke karatun noma da kimiyyar halittu a jami'ar Tawa, jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, cibiyar INRAN, ko jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ke kusa da mu.

Akwai kuma haƙƙi a ciki. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda Nijar ke cikinta, ta tanadi cewa wanda zai ɗebi halittun wata ƙasa don bincike ko kasuwanci sai da izinin ƙasar, kuma a raba amfanin da aka samu. In baƙo ya zo ɗibar ƙasa ko taki a kwalba, ba laifi ba ne mai gari ko magajin gari ya tambaye shi takardar izini da inda za a kai samfurin.

Ga ƴan bida masu aiko da kuɗin takin zamani kowace shekara, ku tambayi na gida ko an haƙa ramin taki bana. Ƙasar da ta sha takin gargajiya ta fi riƙe ruwa, ta fi kuma amsa ɗan takin zamanin da aka sa mata. Mai tambaya kan girman rami ko irin haɗin da ya dace da gonarsa ya tuntuɓi malamin gona na gundumarsa, ko ya aiko mana da saƙo mu miƙa wa masana a cikin shirin manoma. Allah ya ba mu damana mai albarka.